Ranka Ya Daɗe, Sarkin Shisshigi

A cikin ma'aikatan da ke zaune cikin kwamfuta babu wanda aka tauye wa haƙƙinsa na yabo kamar bawan Allahn nan mai rina rubutu. Kowa ya ga aikinsa, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa sannu. Kana cikin rubuta imel, ka sa adireshin wani shafi ko na akwatin saƙon wani, ka ba da tazara za ka ci gaba, kafin ka ƙifta ido ya tsoma kalmar a shuni, ya ja mata layi a ƙasa, ya mai da ita mahaɗin da ake latsawa. Ba ka kira shi ba, shi ma bai tsaya ɓata maka lokaci da sallama ba. Wanda ya fi ka sanin abin da kake so, me zai yi da izininka? Yau na ɗauri niyyar biyan bashin da jama'a suka ƙi biya. Ranka ya daɗe, Sarkin Shisshigi, mai amsa kiran da ba a yi ba.

Sarautar tasa ba haye ya yi ba, gado ya ci. A 1993 kamfanin Microsoft ya fito da Word 6.0, ɗauke da dabarar gyara wa mai rubutu kuskure tun hannunsa bai bar maɓalli ba. A shekarar ce kuma manhajar Mosaic ta saba wa duniya da ganin mahaɗi shuɗi mai layi a ƙasa. Da Office 97 ya fito, wanda a cikinsa Outlook ya fara bayyana, sai gidajen biyu suka haɗa jini, aka sami magaji. Tun ranar akwai wani ɗan akwati a can ƙuryar saituna da ke ba shi ikon taɓa duk abin da ya yi kama da adireshi, kuma akwatin yana zuwa ne da alamar amincewa a cikinsa tun daga kamfani. An amince a madadinka kafin ka sayi kwamfutar. Ina ka taɓa ganin karamci irin wannan?

A fara da kwalliya, don nan ya fi ƙwarewa. Yaro ya gama bautar ƙasa, ya zauna a shagon buga takardu ya tsara takardar neman aiki. Ya zaɓi baƙin rubutu, ya daidaita layuka, yana so ta fito da natsuwa a gaban wanda zai duba. Sarki ya leƙo ya ga babu armashi, sai ya rina masa adireshin imel. Injin shagon ba ya buga launi, don haka shuɗin ya fito toka-toka, ya fi duk sauran rubutun dusashewa, alhali shi ne layin da ake buƙata idan za a kira shi ganawa. Ba a nan gwanintar ta tsaya ba. Adireshin yaron yana da ɗan karan nan na ƙasa da ake sawa tsakanin suna da sunan mahaifi. Layin da Sarki ya ja ya bi ta kansa ya haɗiye shi. Sakatariyar da za ta kwafa daga takarda ta ga suna biyu da fili a tsakani, ta sa ɗigo, ko ta manne su, ta aika. Saƙon ya tafi wajen wani, ko ya dawo mata. Yaron yana gida yana duba waya safe da yamma, yana cewa ƙasar nan sai kana da hanya. Allah Sarki, bai san a kan teburin da ya biya kuɗin bugu aka taimake shi ba.

Sai riƙon alkawari, halin da ya yi ƙaranci a wannan zamani. Idan Sarki ya ɗaura mahaɗi a kan adireshi, ya ɗaura ke nan. Ka rubuta adireshi da kuskuren harafi ɗaya, ya rina shi, ka hango kuskuren, ka koma ka goge harafin ka sa daidai. Abin da ido ke gani ya gyaru. Abin da ke ƙarƙashi, inda mai latsawa zai faɗa, yana nan yadda ka fara rubuta shi, domin Sarki ba ya magana biyu. Sabon ma'aikaci ya zo ofis, aka ce ya kwafi sa-hannun da abokin aikinsa ke sawa a ƙasan saƙo ya canja suna. Ya canja suna, ya canja lambar waya, ya goge adireshin abokin ya rubuta nasa a wurin. Daga ranar duk wanda ya latsa adireshin don ya rubuto masa, akwatin abokin saƙon zai nufa. Takardun kwangila, ƙorafin abokan ciniki, maganar da ba a so kowa ya ji, duk su bi tsohuwar hanya. Wa zai zargi mai biyayya ga umarnin farko?

Yana da tsantseni kuma, ba ya cin abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Ka ba shi hanyar wani fayil a rumbun ofis, wadda sunanta ke da tazara a tsakiya, sai ya rina rabin farko ya bar sauran baƙi. Wanda ya latsa ya ji an ce babu wannan wuri. Wani lokaci ya haɗa da aya ta ƙarshen jimla ya cusa cikin adireshin, wani lokaci ya yar da bakan rufewa da ke cikin adireshin na gaskiya, abin da masu tura shafukan Wikipedia suka daɗe suna fama da shi. Masu tsara ƙa'idojin intanet sun ba da shawara tun 1994 cewa a riƙa killace adireshi tsakanin alamun nan biyu masu kama da bakin kibiya don a san farkonsa da ƙarshensa. To, laifin wa? Wanda bai karanta takardun ƙa'idar intanet ba kafin ya aika wa shugabansa rahoton wata, shi ya so.

A gidan Apple kuwa Sarki ya yi karatu mai zurfi, ya wuce adireshi ya shiga lissafi. Masu binciken kamfanin sun ƙirƙiro dabarar da ke bin rubutu tana tsinto lambar waya, kwanan wata da adireshin gida. Sun nemi rajistar mallakarta a 1996, hukumar Amurka ta ba su a 1999, lamba 5,946,647. Yau duk mai iPhone yana cin moriyarta. Lambar asusun banki a Nijeriya guda 10 ce, lambar BVN 11, lambar katin ɗan ƙasa 11, lambar waya ita ma 11. Sarki ba ya nuna bambanci tsakanin talakawansa. Dogon jerin lambobi in ya yi masa kama da waya, waya ce. Ɗan kasuwa ya aiko da lambar asusu a biya shi kuɗin kaya, mai saye ya ɗora yatsa zai kwafa, waya ta tambaye shi ko ta kira. Dattijo mai jiran fansho, wanda da ƙyar jikarsa ta koya masa buɗe saƙo, ya taɓa lambar takardarsa sai ya ji ana ƙoƙarin buga waya, ya firgita ya kashe wayar gaba ɗaya, ya ce sai yarinyar ta dawo daga makaranta. Ka rubuta “gobe da yamma”, in da Turanci ne, ya ja layi ya miƙo maka kalanda. Google ya ga ana rabon lada, a Satumban 2017 ya sanar cewa Gmail ma zai riƙa mai da adireshin gida da lambar waya mahaɗi.

Masu raina wannan aiki su je su tambayi kotu nawa ne kuɗinsa. A Disamban 2011 hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka ta yanke cewa wayoyin HTC sun ci iyakar waccan rajista, har a Mayun 2012 aka tsare wasu sababbin wayoyin kamfanin a hannun kwastan. A Mayun 2014 masu taya alƙali yanke hukunci a Kalifoniya suka ce Samsung ya biya Apple dala miliyan 119.6, kuma kusan miliyan 99 daga ciki na wannan dabara ce ita kaɗai. Aka ɗaukaka ƙara, aka soke, aka sake maido da hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar a 2017. Shekaru ana shari'a, manyan lauyoyi suna ta kai gwauro suna kai mari a kan wa ke da ikon taɓa rubutun mutane. Mai rubutun shi kaɗai ne ba a gayyata ba, kuma daidai ne, kada a wahalar da shi da zirga-zirgar kotu.

Inda ya fi burge ni shi ne ƙaunarsa ga harshen Hausa, ko da yake bai san yana yi ba. Manhajoji da dama, musamman na waya, ba sa jiran ganin www. Da sun ga kalma, sai aya, sai wasu haruffa da suka dace da lambar wata ƙasa a intanet, shi ke nan, adireshi ne. Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York kuma lauyan Donald Trump a lokacin, ya ɗanɗana wannan alheri ranar 30 ga Nuwamban 2018. Ya yi rubutu a Twitter, ya rufe jimla da ambaton taron G-20, ya sa aya, ya manta tazara, ya fara sabuwar jimla da “In”. Haruffan nan biyu kuwa su ne lambar Indiya. Nan take aka rina masa wurin. Wani mai zanen shafuka a Atlanta ya lura ba wanda ya mallaki adireshin, ya saye shi da 'yan daloli, ya ɗora saƙon da ke kiran Trump maci amanar ƙasa. Duk wanda ya latsa cikin maganar lauyan sai ya faɗa kan zagin wanda lauyan ke karewa. Giuliani, wanda aka taɓa naɗawa mai ba Trump shawara kan tsaron intanet, ya fito yana zargin Twitter da barin wani ya kutsa cikin rubutunsa. Duniya ta yi ta dariya. Ni dai ban ga abin dariya a ƙorafin ba, domin kutsen an yi shi, sai dai ba wanda yake zargi ne ya yi ba.

Yanzu a dubi jimlolinmu. Sau nawa Bahaushe ke rufe saƙo da “sai gobe”, ya sa aya, ya ce “In Allah ya kai mu”? Yatsa ya tsallake tazara, ga shi a Indiya. “To” ta Tonga ce. “Ni” ta Nikaragwa, “Na” ta Namibiya, “Mu” ta tsibirin Morishiyos, “Ba” ta Bosniya, “Ga” ta Gabon, “Za” ta Afirka ta Kudu, “Ke” ta Kenya. “Su” ta Tarayyar Sobiyet ce, ƙasar da ta rushe tun 1991 amma lambarta na nan da rai. “Ai”, wadda ba ma iya jimla uku ba mu faɗe ta ba, ta tsibirin Anguila ce, wadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke rububin saye yanzu. Kusan duk kalmar da muke buɗe magana da ita tana da ƙasa. Uwa ta rubuta wa ɗanta da ke karatu a waje, “mun gode.Ai ka kyauta”, sai ga shuɗin layi a tsakiyar godiyarta. Yaron ya san mahaifiyarsa ba ta yi masa ƙarya, ya latsa. Inda zai sauka ya danganta da wanda ya riga ya sayi wurin, da abin da ya ga dama ya ajiye a can. Wane sarki ne ya taɓa buɗe wa talakawansa hanyar ƙasashe haka, ba fasfo ba biza?

Akwai marasa godiya da ke cewa a tsige shi. Don a nuna musu adalci, an tanadar musu hanya, sai dai an yi ta yadda mai fushi zai huce kafin ya isa. A Outlook na kwamfutar Windows, wanda ofisoshi suka saba da shi, ka latsa File, ka gangara Options, ka shiga Mail, ka nemi Editor Options, a ciki ka tsaya kan Proofing, wato sashen duba kuskuren rubutu, wurin da ba mai hankalin da zai yi tunanin neman maganar mahaɗi a can. Daga nan AutoCorrect Options. Taga za ta buɗe mai shafuka da dama, ka zaɓi AutoFormat As You Type. A nan ne akwatin yake, an rubuta masa “Internet and network paths with hyperlinks”. Ka cire alamar. Kada ka yi saurin murna, domin a shafin da ke maƙwabtaka, mai suna AutoFormat kawai, akwai wani akwatin mai wannan suna sak, shi ma a cike. Ka gama da Outlook? Madalla. Word yana da nasa, Excel yana da nasa, PowerPoint ma haka, kowanne sai ka bi shi har ɗaki ka roƙa. Wanda kuwa ba ya son doguwar tafiya, an yi masa rangwame: da zarar an rina kalmar ya danna Ctrl da Z, shunin zai fita, rubutun ya tsaya. Sai dai ya yi hakan kowane adireshi, kowane saƙo, har ranar da zai yi ritaya. In ya makara, ya danna dama a kan kalmar ya zaɓi Remove Hyperlink. In sun yi yawa, ya zaɓe rubutun duka ya haɗa Ctrl da Shift da F9, yatsu uku a lokaci guda, don a tabbatar da gaske yake. A manhajar Mail ta kwamfutar Mac an ɓoye abin ƙarƙashin Edit, cikin Substitutions, aka kuma raɗa masa suna Smart Links, wato mahaɗai masu wayo, don duk mai niyyar kashewa ya san wayo yake kashewa. Gmail ya fi kowa tausayi, ya hutar da mutane wahalar nema: kana iya cire mahaɗi ɗaya-ɗaya lokacin rubutu, amma maɓallin da za ka kashe abin baki ɗaya, ba a ɗora maka nauyinsa ba.

Ga kuma babbar hikimar, wadda ta sa sarautar ba ta faɗuwa. A ce ka bi duk ƙofofin nan, ka cire duk alamomin, saƙonka ya fita fes, baƙi a kan fari. Ikonka ya ƙare a bakin teburinka. Can wajen wanda ka aika wa, wani Sarkin na zaune a wayarsa yana jira, shi zai rina abin da ya ga dama kafin a karanta. Mai karɓa ba ya ganin hannun kowa sai naka. Sunanka ne a sama, gaisuwarka ce a farko, saboda haka duk shuɗin da ke ciki kai ka sa. Da can in ka ba yaro wasiƙa ya kai, abin da ake nema gare shi ɗaya ne, ya miƙa ta yadda aka ba shi. Ɗan aiken da ya tsaya a hanya ya buɗe, ya ja layi a wasu wurare, ya rubuta kwatancen gidan da mai wasiƙar bai sani ba, sannan ya liƙe ya miƙa da sunanka, ko ɗan wa ye ba a sake aikensa. Wannan kuwa an ƙara masa girma, an ba shi wasiƙun duniya duka.

Masu tsara saƙonnin bankuna da kamfanoni sun san haka, shi ya sa suke bin Sarki da dabara. Suna cusa wani harafi marar jiki, wanda ido ba ya gani, a tsakiyar lamba ko adireshi don ya kasa gane shi. Suna sa wani umarni na musamman a kan saƙon, wanda Apple ya tanada, mai cewa don Allah kada a ɗauki lambobin nan a matsayin waya. Masana tsaron intanet kuwa, in za su gargaɗi juna game da shafin 'yan damfara, ba sa kuskura su rubuta adireshin daidai. Sai su rubuta hxxp a maimakon http, su killace ɗigon cikin baka, domin sun san in suka rubuta shi yadda yake, Sarki zai mai da gargaɗin gayyata, ya shimfiɗa wa mai karatu hanya zuwa ramin da ake ce masa ya kauce. Mutanen da aikinsu ke nan tsare jama'a sun koma rubutu a karkace saboda tsoron mai taimako. In wannan ba kwarjini ba ne, a faɗa mini sunansa.

Ya kuma fi 'yan'uwansa iya zama da mutane. A Office 97 ɗin da ya fito, tare suka zo da Clippy, ɗan ƙarfen maƙale takarda mai manyan idanu, wanda kan leƙo ya ce ya ga kamar wasiƙa kake rubutawa, ko ya taimaka? Clippy ya yi wauta biyu: ya nuna fuskarsa, ya kuma tambaya. Jama'a suka tsane shi, a 2001 kamfanin ya kashe shi daga saitin farko har yana yi masa ba'a a talla, a Office 2007 aka share shi. A 2001 ɗin dai Microsoft ya shirya sa wani abu mai suna Smart Tags a Internet Explorer 6, wanda zai riƙa ɗora mahaɗai a kan kalmomin shafukan mutane ba da saninsu ba. Walter Mossberg na jaridar Wall Street Journal ya caccaki shirin, masu jaridu da shafuka suka ce ba wanda ya isa ya sa hannu a rubutunsu, kafin ƙarshen Yuni kamfanin ya janye. Google ya gwada makamancinsa a 2005 da AutoLink, shi ma ya sha suka, ko da yake nasa sai mai karatu ya danna yake aiki. Ashe an san rubutun mutum nasa ne. An sani sarai, in mai rubutun yana da jarida da lauya. Malamin makaranta mai aika sakamakon jarrabawa, da akawun asibiti, da mai sayar da atamfa ta waya, su rubutunsu na kowa ne, kuma Sarki ya fahimci haka tun da wuri. Bai taɓa nuna fuska ba, bai taɓa tambaya ba, ga shi ya binne Clippy ya kusa shekara talatin a kan gado.

Akan ce yana jawo haɗari. Sharri ne, gwaji yake yi wa na'urori don su ƙara ƙarfi. A Fabrairun 2013 aka gano cewa a kwamfutocin Mac masu tsarin Mountain Lion, in ka rubuta File da babban harafi, ka bi shi da ɗigo biyu da karan tsaye uku masu jirkice, kusan duk manhajar da kake ciki sai ta faɗi. Haruffa takwas. Mai tsinto adireshin ne ya hango abin da ya ɗauka nasa ne, ya kai hannu, ya kifar da ɗakin. A farkon Afrilun 2020, lokacin da korona ta kulle duniya a gida kowa ya koma Zoom, masu bincike suka nuna cewa sashen hirar manhajar yana mai da hanyar fayil ta Windows mahaɗi, kuma wanda ya latsa irin wadda mugu ya turo, kwamfutarsa na iya miƙa sunansa da sawun kalmar sirrinsa ga baƙo. Zoom ya cire abin cikin kwanaki. Ka lura da maganin da suka yi: hana rinin. Rashin haƙuri ke nan irin na yaran kamfanoni.

Manya ba sa gaggawa haka. Da aka ga mahaɗai sun zama babbar ƙofar masu damfara, Microsoft ya fito da Safe Links a 2015, ana biya. Aikinsa ya karɓi kowane mahaɗi a saƙo ya naɗe shi cikin wani dogon adireshi na kamfanin, mai ɗaruruwan haruffa, don a bincika shi lokacin latsawa. Shekara da shekaru ana koya wa ma'aikata su ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗi su karanta inda zai kai su kafin su latsa. Yanzu in sun ɗora, tarkacen haruffa suke gani, adireshin gaskiyar yana binne a tsakiya. Wasu na'urorin binciken ma kan riga mai saƙo latsawa, har mahaɗin da aka yi don amfani sau ɗaya, irin na canja kalmar sirri, ya mutu kafin mai shi ya gan shi. Bankuna suna ta aiko da gargaɗi, kada ka latsa abin da ba ka sani ba. Waya kuma tana ta koya wa yatsa cewa duk abin da ya yi shuɗi don latsawa aka yi shi, har a saƙon mahaifiya. In an kwashe wa mutum kuɗi sai a ce ganganci ya yi.

A Mayun 2023 Google ya ƙara wa masarautar faɗi. Ya buɗe sayar da adireshin intanet masu ƙarewa da zip da mov, wato daidai ƙarshen sunan fayilolin da mutane suka shekara da shekaru suna aika wa juna. Masana tsaro suka yi ta kururuwa, aka ce sun cika tsoro. Ma'anar abin a aikace ita ce, ka rubuta wa abokin aiki cewa ya duba fayil ɗin albashi da ka haɗo, ka ambaci sunansa da ƙarshensa, manhajar da ta san sabuwar lambar ta rina sunan. Shi kuma ya ga sunan fayil ɗin da yake jira, daga mutumin da ya sani, ya latsa, ya tafi shafin wanda ya riga ya sayi wannan suna yana dako. Tun a makonnin farko masu bincike suka fara ganin an yi rajistar sunaye irin na fayilolin ofis da na sabunta manhaja. Kuma da yake a wajen mai karɓa ake rinin, har tsohon saƙon da aka rubuta kafin a haifi lambar zai iya wayar gari da ƙofa a jikinsa.

Masu gajen haƙuri su yi koyi da masana ƙwayoyin halitta, waɗanda suka zauna da ƙanen Sarki da ke Excel. Shi wannan ƙanen, wanda ke cinye sifirin farkon lambobin wayarmu ya bar 803 a inda aka rubuta 0803, yana ganin sunan ƙwayar gado irin SEPT2 ko MARCH1 sai ya mai da shi kwanan wata. Wani bincike da aka buga a mujallar Genome Biology a 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin sunayen a Excel. Masanan ba su tsaya jayayya da babba ba. Zuwa 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canja sunaye 27, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. Da aka tabbatar kimiyya ta sunkuya ta gyara kanta, sai a Oktoban 2023 Microsoft ya sa maɓallin kashe abin. Saura mu. Kalmomin da ke jawo mana shuni ba su fi a ƙirga ba: in, to, ni, na, mu, su, ba, ga, za, ke, ai. A kafa kwamiti a Kano, a gayyato na Damagaram da Maraɗi, a sauya musu haruffa yadda ba za su ƙara yin kama da ƙasar kowa ba. 'Yan Nijar kuma su zo da shirin sadaukarwa, domin lambar ƙasarsu “ne” ce, ita ma sai an cire ta daga Hausa.